Ɗan Takara Ya Ce Zai Gyara Asibitoci: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Zaɓe a Zariya

Da zarar kakar zaɓe ta kama, ba ka rasa abu uku a bakin masu neman kujerar majalisar dokokin jiha: ruwa, makaranta, asibiti. Na ukun ya fi shiga zuciya, domin da wuya ka sami gidan da bai taɓa kwana a barandar asibiti da tabarma da fulas ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan jefawa a majalisun hira, daga Ƙofar Doka har Samaru. Ba don wata jam'iyya aka rubuta amsoshin ba, kuma ba a ambaci sunan kowane ɗan takara ba. Kowa ya ɗauki ma'aunin ya auna nasa.

Wace kujera ake magana a kai?

Kujerar majalisar dokokin Jihar Kaduna, wadda ke zama a Lugard Hall. Majalisar tana da kujeru 34 daga ƙananan hukumomi 23. Ƙaramar hukumar Zariya tana da biyu, Birni da Kewaye. Sabon Gari ma biyu, Sabon Gari da Basawa. Kada a haɗa ta da kujerar Majalisar Wakilai ta Abuja, irin wadda Tajuddin Abbas ya fara riƙewa a 2011 har ya zama kakakin majalisar a 2023. Aikinsu daban, aljihun da suke sa wa ido ma daban.

Ɗan majalisar jiha zai iya gina mana asibiti kamar yadda ya faɗa a wurin taro?

Da hannunsa, a'a. Gini aikin gwamna ne da ma'aikatar lafiya. Abin da tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan majalisa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Zai iya matsawa a sa gyaran asibitin gundumarku a kasafi. Zai iya neman majalisa ta kira kwamishina ko shugaban wata hukuma ya zo ya yi bayani, kuma majalisa tana da ikon tilasta masa zuwa. Zai iya shiga kwamitin lafiya ya riƙa zagaya asibitoci ba tare da ya aika an share masa hanya ba.

Wannan ba ƙaramin iko ba ne, sai dai ba ya kyau a jikin fasta. Shi ya sa kake jin “zan gina” fiye da “zan bibiya”. Wanda ya ce maka zai gina babban asibiti cikin shekara guda, ko dai bai san kujerar da yake nema ba, ko kuwa ya sani yana ganin kai ne ba ka sani ba.

Asibitocin da ke Zariya, wanne ne na wa?

Wannan ita ce tambayar da zan so a fara yi wa kowane ɗan takara, a tsaye, ba tare da ya duba waya ba.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da tsohon wurinsa na Tudun Wada, na gwamnatin tarayya ne. Haka cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye. Majalisar jiha ba ta da ta cewa a kasafinsu, ba ta ɗaukar musu ma'aikata, ba ta iya sasanta yajin aikin likitocinsu. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan da asibitin Manjo Ibrahim Abdullahi da ke Sabon Gari na jiha ne, kuma nan ne bakin ɗan majalisa yake da nauyi. Ƙananan asibitocin gundumomi, waɗanda muke kira sha-ka-tafi, suna ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha, tare da hannun ƙaramar hukuma. Asibitin Wusasa kuwa na mishan ne, sannan ga asibitocin kuɗi birjik.

Saboda haka idan mai neman kujerar jiha ya yi rantsuwa zai rage layi a Shika, a tambaye shi ta wace hanya. Akwai amsa mai kyau guda ɗaya. Shika tana cika ne da marasa lafiyar da bai kamata su je can ba: zazzaɓin yaro, awon ciki, hawan jinin da ƙwayar wata-wata za ta riƙe. Mutane suna tsallake asibitin unguwarsu saboda sun je sun tarar ba kowa, ko an rubuta musu takarda an ce su je kemis. In ƙananan suka tsaya da ƙafarsu, Shika za ta numfasa, ta ji da masu ciwon daji da ƙoda da manyan tiyata da ake kawowa daga jihohi maƙwabta. Ɗan takarar da ya kawo wannan amsa da kansa ya san abin da yake faɗa.

Dole ne sai likita ko malamin asibiti zai iya wannan aiki?

Ba dole ba ne. Doka dai ta nemi ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 25 tun bayan gyaran 2018, ya yi karatu zuwa matakin sakandare, kuma jam'iyya ta tsayar da shi.

Zariya ta daɗe da sanin likitoci a siyasa. Dokta Barau Dikko, haifaffen Wusasa, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara kuma tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ya tsaya mataimakin Azikiwe a zaɓen 1979. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ya zama ministan lafiya a 2023, a nan ya karanta likitanci. Amma a tuna babban asibitin jiha da ke cikin Zariya sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi, ita kuwa ba ta taɓa riƙe allura ba. Abin da ta riƙe shi ne baki da zuciyar faɗa wa masu mulki gaskiya, ta sha ɗauri a kai.

Likita yana da fifikon sanin inda ke yi wa asibiti ciwo. Yana kuma da haɗarinsa: wani idonsa na kan manyan na'urori da ɗakin tiyata, ya manta da ungozomar Wuciciri. A ganina, malamar asibitin da ta yi shekaru tana awo a ƙauye, ko malamin makarantar da ya riƙe kwamitin gunduma da gaskiya, ba su gaza likita ba a wannan kujera.

To yaya zan binciki tarihinsa, ban da abin da 'yan korensa suke faɗa?

Fara da takarda. Kowane ɗan takara yana cike fom na rantsuwa ga hukumar zaɓe, da shekarunsa da makarantun da ya yi da inda ya yi aiki, kuma hukumar tana liƙa bayanan a mazaɓa. Je ofishinta na ƙaramar hukuma ka duba. In ya ce shi likita ne, akwai hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta ba su lasisi, haka nas-nas da ungozomomi, haka masu haɗa magani. A ƙasar nan “Dokta” ya yi yawa: akwai na asibiti, akwai na digirin jami'a, akwai na girmamawa, akwai kuma wanda unguwa ce kawai ta raɗa masa saboda yana da kemis. Ba laifi ba ne ka ce, “Ranka ya daɗe, wane iri ne naka?”

Bayan takarda sai mutane. Zariya ba ta ɓoye mutum. Tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba waɗanda yake ba kuɗin mai ba. In ya taɓa zama kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, je ka ga asibitin gundumarsa yadda ya bar shi. In kuwa yana kan kujerar ne yana neman komawa, aikin ya yi sauƙi: wane ƙuduri ya kawo kan lafiya, wane kwamiti ya zauna, yaushe rabonsa da shiga Gambo Sawaba ba da 'yan jarida ba?

Da tambaya ɗaya da mutane ke jin nauyin yi: iyalinsa, a ina suke haihuwa?

Ya kawo likitoci sun duba mutane kyauta, an raba tabarau, an yi wa wasu tiyata. Wannan bai isa shaida ba?

Allah ya saka masa da alheri, kuma wanda aka cire wa yanar ido ba zai manta ba. Amma sadaka daban, wakilci daban. Duba kyauta na kwana biyu yana gano wa dattijo cewa yana da ciwon suga, a ba shi maganin wata ɗaya. Wata na biyu fa? Attajiri ma zai iya wannan ba tare da kujera ba. Abin da kujerar ke ba mutum, wanda kuɗinsa ba za su ba shi ba, shi ne damar sa maganin ya zauna a asibitin gunduma duk shekara. A kuma lura da lokacin da ake yin alherin. In bai taɓa faɗowa ba sai gab da zaɓen fid da gwani, kun san sunansa.

Me ya kamata ya sa a gaba, in da gaske yake?

Ma'aikata. Na san ba shi ne abin da ke jawo tafi ba, amma shi ne.

A zamanin gwamnatin Nasir El-Rufai jiha ta ɗauki tsarin gyara asibiti ɗaya a kowace gunduma, 255 ke nan. Ƙaramar hukumar Zariya tana da gundumomi 13, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona a cikin ganuwa, zuwa Dambo da Kufena da Dutsen Abba a waje. Sabon Gari tana da 11. Gini dai an yi, an yi fenti, an kafa allo. Tambayar ita ce wa ke ciki da ƙarfe biyun dare. Naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Asibitin da zai karɓi haihuwa dare da rana yana buƙatar ungozomomin da za su riƙa karɓa-karɓa, ba mace ɗaya da 'yan sa-kai biyu da ba a biyansu ba. Yana buƙatar wuta, ko sola, don firij ɗin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa. Yana buƙatar ruwa a famfo. Yana buƙatar ɗakin kwana mai tsaro ga ma'aikaciyar da aka turo, in ba haka ba za ta nemi a mayar da ita gari, kuma ba za ka ga laifinta ba.

Na biyu, hanyar da mace ke bi daga gida zuwa ɗakin tiyata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Nijeriya suke. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Kowanne yana da magani, kuma yawancinsu ba masu tsada ba ne. Allurar tsayar da jini tana son sanyi, shi ya sa maganar firij ba wasa ba ce. Jijjiga ana ganin alamarta tun a wurin awo, da na'urar gwajin hawan jini da gwajin fitsari. Inda ake rasa rai shi ne a jinkiri: a gida ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, a hanya ana neman mota, a asibiti ana neman mai ba da jini da kuɗin kayan aiki. Na farkon aikin malamai ne da masu unguwanni da mu kanmu mazaje. Biyun ƙarshe kuwa suna cikin kasafi: motar asibiti mai mai da direba, da ma'ajiyar jini mai aiki a babban asibitin jiha.

Na uku, magani. Jiha tana da hukumar da ke sayo magunguna ta rarraba wa asibitocinta. Ɗan majalisa zai iya tambayar nawa aka ware mata, nawa aka saki, kuma me ya sa abin da aka ce kyauta ne ga masu ciki da ƙananan yara yake komawa “je ka sayo”.

Sauran, irin su rigakafin yara, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi da damina, tamowa, da sikila, duk a kan waɗannan ukun suke tsaye. An tabbatar da Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a 2020, amma mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya nuna abin da ke faruwa in aka bar yara ba allura.

Ya ce zai tabbatar an ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Daga ina wannan lamba ta fito?

Daga taron shugabannin Afirka a Abuja a 2001, inda suka yi alkawarin ware aƙalla hakan ga lafiya. Kaduna tana cikin jihohin da suka sha kaiwa wannan mizani a takardar kasafi. Sai dai warewa daban, saki daban. Ana iya rubuta biliyoyi a watan Disamba, shekara ta zagayo ba a saki rabin na ayyuka ba. Jiha tana fitar da rahoton yadda aka aiwatar da kasafi duk wata uku, kowa zai iya gani a intanet. Ɗan takarar da ya taɓa buɗe wannan rahoto ya fi wanda ya haddace “kashi 15” nesa ba kusa ba.

Ina maganar inshorar lafiya? Talaka yana da rabo a ciki?

Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da dokar 2018, sannan dokar tarayya ta 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Ma'aikacin gwamnati shigarsa da sauƙi, tunda daga albashi ake cira. Matsalar tana wajen ɗan acaɓa, mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, manomin Dambo, da matar da ke sayar da ƙosai. Su sai sun ɗauki kuɗi da hannunsu sun biya na shekara, kuma mutum ba ya biyan kuɗin ciwon da bai zo ba sai ya ga maƙwabcinsa ya amfana.

A nan ɗan majalisa yana da abin yi na zahiri. Zai iya biya wa marasa ƙarfi na mazaɓarsa kuɗin shekara, wanda ya fi rabon atamfa amfani. Zai iya matsawa jiha ta riƙa zuba nata kason na masu rauni a kan lokaci. Zai kuma iya bin koke-koken masu kati, domin ba abin da ke kashe tsarin kamar mutum ya nuna katinsa a ce masa magani ya ƙare.

An ce akwai kuɗin da Abuja ke turowa kai tsaye ga ƙananan asibitoci. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. Wani ɓangare yana biya wa marasa ƙarfi inshora, wani yana shiga asusun asibitin da aka zaɓa a gunduma don magani da ƙananan gyare-gyare. Kwamitin ci gaban gunduma yana da hannu a yadda ake kashe shi. Ku nemi sanin su wa ke cikin kwamitin gundumarku, kuma yaushe suka yi zaman ƙarshe. Mutane da yawa a unguwa ba su ma san da shi ba, wannan rashin sanin kuwa ba kowa yake damu ba.

Ruwa fa? Kullum sai an sako shi cikin maganar lafiya.

Dole a sako shi. Bazazzage ba ya buƙatar a ba shi labarin ruwa: shekaru aka kwashe ana aikin ruwan Zariya, ga dam na Galma, ga sabuwar matatar ruwa, amma har yanzu 'yan ga-ruwa ba su rasa ciniki ba a unguwanni da yawa. Inda rijiya ke kusa da masai, kwata ta toshe da leda, amai da gudawa da taifot ba sa nisa. Kwalarar 2021 ta ratsa jihohin Arewa, Kaduna na ciki. Wanda ya yi maganar bututu da magudanar ruwa maganar asibiti yake yi.

Likitoci da nas-nas suna ta ficewa. Ɗan majalisar jiha zai iya hana su?

Ba zai hana mai tafiya Saudiyya ko Ingila ba. Amma akwai ficewar da ta fi kusa: daga asibitin jiha zuwa na tarayya, wani lokaci a cikin gari ɗaya, saboda bambancin albashi da damar ƙaro karatu. Wannan tana hannun jiha. Sannan a duba ɗaukar sababbi, domin makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi da makarantun nas suna yaye yara duk shekara, da yawa suna zaune a gida ko suna aikin sa-kai. 'Yar unguwa da aka ɗauka aka ajiye a unguwarsu ta fi zama.

In ya zo unguwarmu neman ƙuri'a, me zan tambaye shi?

Bayan gaisuwa, a hankali, ba da neman tozarta shi ba: Ranka ya daɗe, asibitin gundumar nan ma'aikata nawa ne na dindindin a cikinsa? Ana karɓar haihuwa da dare? In mace ta fara zubar jini a nan, ina za a kai ta, da wace mota? Wane kwamiti za ka nema a majalisa? Sau nawa a shekara za ka dawo ka zauna da mu, a ina?

In ya ce bai sani ba amma zai bincika ya dawo, a ba shi rana. Wannan ya fi wanda ya amsa komai da “in sha Allahu an gama”. A kuma bar iyaye mata su yi tambaya da bakinsu, ko a shirya musu zamansu daban, tunda su ne ke yini a layin awo da rigakafi. Wani ya ɗauki amsoshin a waya.

Idan ya ci ya ɓace fa?

Tsarin mulki ya ba da damar kiranye, amma hanyar tana da tsawo: sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An sha gwadawa a ƙasar nan, ana tsayawa a wurin tantancewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne koke a rubuce zuwa majalisa, da sa hannun kwamitin gunduma da mai unguwa da limamai da ƙungiyar mata, a kai kwafi ofishinsa na mazaɓa, a kai wa gidan rediyo. A sa a cikin watannin ƙarshen shekara, lokacin da gwamna ke miƙa kasafi kuma kwamitoci ke zama da ma'aikatu, domin a lokacin ne ake iya ƙara layi ɗaya da sunan asibitin gundumarku.